Wa zai ba ni aron muryarsa?

Ɗalibin Sauti:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Da izinin Sarkin Zaure na zo da ƙoƙon bara. Ina digiri na biyu, kuma aikina a kan gane muryar jabu ne, wato muryar da kwamfuta ke haɗawa ta fito sak ta wani mutum. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne rashin muryoyin Hausawa. Duk wanda ya samu sarari ya taimaka ya turo mini saƙon murya na minti biyu: ya karanta jimloli goma da zan liƙa a nan, sannan ya yi 'yar hira ta son ransa. Da su zan haɗa na jabu, in gwada ko manhajojin da aka horar da Turanci za su iya kama su. Allah ya bar zumunci.

Maman Ikram:
Wa'alaikumussalam. Tsaya ƙanena in fahimce ka. Mu ba ka muryarmu, kai kuma ka zauna ka haɗa ta ƙarya da ita? Ashe yanzu kura ake ba ajiyar nama?

Ɗalibin Sauti:
Anti ai mai gyaran kwaɗo sai ya iya buɗe shi ba mabuɗi. In ban haɗa ta jabun ba, da me zan gwada na'urar da za ta kama ta?

Maman Ikram:
Shi mai gyaran kwaɗon ba ya tafiya gida da ƙofata.

Ɗan POS:
Hahaha, Hajiya ta gama magana. Amma ni abin ya shafe ni kai tsaye. A shagona, in wani ya rubuto a WhatsApp cewa in tura wa wane dubu ashirin zai kawo anjima, dokata ɗaya ce: yi mini saƙon murya. In na ji muryarsa shi kenan, na tura. Haka muke yi duk layinmu tun da aka fara ƙwace wa mutane WhatsApp ana roƙo da sunansu. To yanzu kana so ka ce wannan ma ya tashi aiki?

Malam Dakta:
Ɗan POS, dokarka tana da ɓaraka tun kafin a zo maganar kwamfuta. Wanda ya ƙwace WhatsApp ɗin abokin cinikinka, in ya samu tsoffin saƙonninsa a wani zaure, zai iya ɗauko wanda ya taɓa cewa "don Allah tura masa, zan shigo anjima" ya sake turo maka. Muryarsa ce ta gaskiya, babu abin da aka haɗa, lokacin ne kawai ba nata ba. A wajen masu bincike wannan shi ne hari mafi arha, sake kunna abin da aka naɗa.

Bari in ɗan shimfiɗa tabarma, domin na ga ana haɗa abubuwa uku wuri guda. Na farko, tantance mai magana: ka ce kai ne wane, na'ura ta auna muryarka da wadda ta ajiye, ta ce e ko a'a. Wannan tsohon fanni ne, hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, tana shirya gasarsa tun 1996. Yadda ake yi a yau, ana matse maganar mutum ta koma jerin lambobi 'yan ɗaruruwa, sai a auna kusancin jeri biyu. Cikin tsare-tsaren da ke wannan aiki, wanda ya yi tashe sosai shi ne x-vector na jami'ar Johns Hopkins a 2018, sai ECAPA-TDNN na jami'ar Ghent ta Beljiyam a 2020. Na biyu shi ne aikin yaron nan: muryar da ta shigo, daga maƙogwaron mutum ta fito yanzu, ko haɗa ta aka yi, ko kunna ta aka yi? Na uku shi ne damuwar Maman Ikram, yadda za a yi amfani da magana ba tare da an tona asirin mai ita ba. Kowanne da gasarsa da mutanensa, ko da yake sau da yawa fuskoki ɗaya za ka gani a duka ukun.

Basakkwace:
Dakta wanga batu duk na Turawa na. Mi ya kai kwamfuta ga kwaikwayon muryar mai sayar da albasa? Mu nan ɗan wasan barkwanci ka kwaikwayon malamai da 'yan siyasa, kowa shi yi dariya shi watse.

Malam Dakta:
Su masu kwaikwayo da baki an gwada su. Masu bincike a jami'ar Gabashin Finlan sun kawo ƙwararrun masu kwaikwayo suka sa su gaban na'urar tantancewa, aka ga ba su cika iya ruɗin na'urar ba. Mai kwaikwayo salo yake ɗauka, inda mutum ke jan magana, inda yake tari, kalmar da ya cika maimaitawa. Tsawon maƙogwaro da faɗin kogon hanci kuwa ba a aronsu. Sai dai in jini ɗaya ne. A 2017 wani ɗan jaridar BBC, Dan Simmons, ya sa tagwaininsa ya kira bankin HSBC, mai buɗe asusu da muryar mai shi, yana kwaikwayonsa. Sau bakwai na'urar tana ƙi, a na takwas ta buɗe masa. Ni abin da ya fi ba ni mamaki ba buɗewar ba ce, barin mutum ya yi ta gwaji har sau takwas ba a rufe ƙofa ba.

Amma batun mai albasa, lissafi ne na tsada. Da can sai an kai mutum ɗakin naɗar sauti ya yi awanni yana karatu kafin a haɗa muryarsa, don haka sai babban kifi ake nema. A 2019 aka yaudari shugaban wani kamfanin makamashi a Ingila da muryar ubangidansa na Jamus, ya tura Yuro 220,000. A Janairun 2023 Microsoft ta nuna VALL-E, tsarin haɗa murya wanda daƙiƙa 3 na magana suka ishe shi. Wata guda bayan haka wani ɗan jarida, Joseph Cox, ya shiga asusunsa na bankin Lloyds da muryarsa da ya haɗa a manhajar ElevenLabs. A Maris 2024 OpenAI da kanta, da take nuna nata mai buƙatar daƙiƙa 15, ta ba bankuna shawarar su fara janye murya daga matsayin mabuɗin asusu. In abu ya yi wannan arha, dubu ashirin ɗin Ɗan POS ma riba ce.

'Yar Damagaram:
Sannunku. Ni ban yarda abin Turawa kaɗai ne ba. A 2023 BBC ta binciki wasu sautuka da ke yawo a TikTok da sunan Omar al-Bashir, tsohon shugaban Sudan, ana cewa asirinsa ne ya fita. Da aka bi diddigi, wasunsu maganar wani mai sharhin siyasa ce da ya yi a intanet kwanaki kafin nan, aka ɗauke ta aka lulluɓa mata muryar al-Bashir. Kalma ɗaya, numfashi ɗaya, murya daban. Da Larabcin Sudan aka yi, ana tsakiyar yaƙi. In an yi da Larabcin Sudan, me zai hana a yi da Hausa? Mu da rabin labaranmu a saƙon murya suke yawo, tsofaffinmu da ba su karatun boko shi ne jaridarsu.

Ɗalibin Sauti:
Yauwa Yaya, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Irin wannan shi ake kira sauya murya, ya bambanta da wanda ake rubuta wa kwamfuta ta karanta. Kuma shi ya fi ba ni tsoro a Hausa. In kwamfuta ce ke karanta rubutu, tana yawan tuntuɓe a karin sauti, domin ba ma rubuta shi. Ta ga "wuya", ba ta san na jiki ba ne ko na wahala. Ta ga "kuka", itace ne ko na hawaye? "Baba" ma uku ne, mahaifi da gwaggo da na rini. Bahaushe yana jin ta karkace zai ce wannan ba namu ba ne. Amma a sauya murya, Bahaushe ne ya yi maganar da bakinsa, hawa da saukar duk daidai, fatar muryar kawai aka canza.

Maman Ikram:
To ai ka ƙara tsorata ni, ba ka lallashe ni ba.

Ɗan POS:
Ni tambayata mai sauƙi ce. Akwai manhajar da zan sauke a waya, in saƙo ya shigo in saka mata, ta ce na gaske ne ko jabu? In akwai a faɗa mini sunanta mu wuce wajen.

Malam Dakta:
Akwai masu sayar da irinta. Ni dai ba zan ce ka ɗora kuɗinka a kanta ba, kuma ga dalili, ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Babbar gasar wannan fanni sunanta ASVspoof. Cikin jagororinta akwai Tomi Kinnunen na Finlan, Nicholas Evans na cibiyar EURECOM a Faransa, da Junichi Yamagishi na Japan. An fara a 2015 da muryoyin haɗi, a 2017 aka koma kan sake kunna naɗaɗɗiyar murya, a 2019 aka haɗa biyun, a 2021 aka ƙara sautin da ya bi ta layin waya da wanda aka matse, sai zagaye na biyar a 2024. Masu shiryawa su ba da muryoyi na gaske da na jabu, kowace tawaga ta gina mai ganowa, a auna.

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne wannan. Mai gadi yana iya kuskure iri biyu: ya kori ɗan gida, ko ya shigar da ɓarawo. In ka tsananta shi, korar 'yan gida ta yi yawa. In ka sassauta, ɓarayi su shige. Akwai wurin da kuskuren biyu ke yin kunnen doki, adadin wannan wurin ake bugawa a takarda. A kan muryoyin gasar 2019, wani tsari mai suna AASIST ya sauko ƙasa da kashi 1 cikin 100. Kowa ya yi tafi.

Sai wasu masu bincike a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, ƙarƙashin Nicolas Müller, suka zo da tambaya mai ban haushi: shin me na'urorin nan suke saurare? A 2021 suka nuna cewa a muryoyin gasar 2019, na gaske sun fi tsawon shiru a farko da ƙarshe, na jabu kuma an datse musu shirun. Suka gina mai ganowa da ba ya jin magana ko kaɗan, tsawon shirun kawai yake aunawa, kuma ya ci maki mai kyau. Da aka yanke shirun daga duka, manyan tsare-tsare da yawa suka yi ƙasa. Kamar ɗalibi ne da ya gano cewa amsar da ta fi tsawo ita ce daidai a jarrabawar malaminsa, ya yi ta cinyewa bai buɗe littafi ba.

A 2022 suka ƙara da tattaro sautukan 'yan siyasa da fitattun mutane daga intanet, na gaske da na jabu, irin waɗanda ke yawo a duniya. Tsare-tsaren da ke kuskuren kashi kaɗan a gasa suka haura kashi 30, wasu suka koma canki-canka. To wannan fa duk Turanci ne. Muryoyin gasar 2019 an samo su ne daga rumbun VCTK da aka naɗa a Edinbara, a ɗakin da ko amsa-kuwwa babu. Kai kuma Ɗan POS, saƙon da zai zo maka an naɗa shi a ƙaramar waya, a bakin titi, janareta na ruri, WhatsApp ya matse shi, an tura wa mutum biyar kafin kai. 'Yan alamomin da na'urar ke dogara da su, matsewar nan tana goge da yawansu.

Basakkwace:
Wato dai shekara goma suna gasa, shiru suka auna. Allah shi kyauta.

Malam Dakta:
A'a Malam, kar mu yi musu rashin adalci. Su da kansu suka buɗe muryoyin ga kowa, shi ya sa aka iya gano ɓarakar, kuma zagayen da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin toshe ta. Kamfanin da ke sayar maka da manhaja ba zai ba ka wannan damar ba.

Ɗalibin Sauti:
Kuma wannan shi ne hujjata gaba ɗaya. Abin da Dakta ya faɗa game da Hausa da WhatsApp hasashe ne mai ƙarfi, amma sai an auna ake sanin girman ramin. In babu muryoyinmu a cikin gwaji, za a kawo mana kayan da aka auna a kan wasu a ce mu yarda. An riga an ga irin haka a tantance mai magana. Rumbun VoxCeleb na jami'ar Oxford, wanda kusan kowa ke horar da na'urarsa da shi, daga bidiyon YouTube na fitattun mutane aka kwaso shi, na farkon mutum 1,251 a 2017, na biyun sama da 6,000. A 2022 masu bincike a jami'ar Delft ta Holan suka rarraba sakamakon gida-gida, suka ga na'urorin sun fi yin kuskure a kan mata da waɗanda ba Amurkawa ba. To ina ga tsohuwa Bahaushiya?

Maman Ikram:
Ka ce daga YouTube aka kwaso. An tambaye su?

Ɗalibin Sauti:
Gaskiya ba a bi su ɗaya bayan ɗaya an nemi izini ba.

Maman Ikram:
To ka gani. Bari in gaya maka abin da ya sa nake taurin kai. Bara wata mata ta kira ni da sunan wata ƙungiyar tallafi, ta ce za a ba mata jari, ta yi ta jana da hira kusan minti goma, sunana, unguwarmu, sana'ata, 'ya'yana nawa. Jari bai zo ba, lambar ma ta daina shiga. Ban ce an yi wani abu da muryata ba, ban sani ba. Amma tun ranar nake jin kamar na bar mayafina a motar haya. Lambar sirrin banki in ta fita, gobe in je in canza. Murya fa? Wadda zan mutu da ita ke nan.

Lauyan Zaure:
Hajiya ta faɗi abin da doka ma ta gane. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta sa bayanan halittar jiki da ake gane mutum da su cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma ta ba mutum damar janye izininsa. Turai ma haka dokarsu take tun 2018. Ba a takarda kawai ba: a 2019 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta tilasta wa hukumar harajin ƙasar goge muryoyin mutane kusan miliyan 5 da ta naɗa ba da cikakken izini ba. Gwamnati ke nan aka sa ta goge.

Saboda haka ƙanena, "turo mini a WhatsApp" ba izini ba ne. Ina takardar da ta ce me za ka yi da muryar, ina za ka ajiye, wa zai taɓa, yaushe za ka goge? Kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ya gani? Kuma mafi muhimmanci, za ka saki rumbun ga duniya ko a'a? Domin ku masu bincike ba a yaba muku sai kun saki.

'Yar Damagaram:
Mu ma a Nijar akwai dokar tun 2017, har da hukumarta. Sai dai tsakanin doka da ƙauye akwai tafiya.

Ɗalibin Sauti:
Barista ka kama ni. Takardar kwamiti tana hanya, na yi gaggawa ne saboda lokaci ya ƙure mini. Batun saki kuwa, niyyata in saki, domin in ban saki ba babu wanda zai iya maimaita gwajina. Amma na yi tunanin in ɓad da muryoyin tukuna, yadda ba za a gane masu su ba.

Malam Dakta:
A nan kuma sai na taka maka birki, ɗalibina. Ɓad da murya fanni ne mai zaman kansa, gasarsa VoicePrivacy, an fara ta a 2020, aka sake a 2022 da 2024, jami'ar Avignon da cibiyar Inria ta Faransa suna cikin masu shiryawa. Dabarar farko da suka ba kowa ya gwada kansa da ita: a raba magana gida uku, kalmomin, hawa da saukar sauti, da jerin lambobin nan da ke nuna mai magana. A cire na ukun, a sa na wasu mutane da aka gauraya, a sake ɗinke maganar. Ana so kalmomi su fito sarai, amma na'urar tantancewa ta rikice har kuskurenta ya kusa kashi 50, wato ta koma jefa kwabo.

Matsala ta farko, ƙarfin ɓoyon ya danganta da wayon mai nema. In bai san an ɓad da muryar ba, sakamako ya yi kyau. In ya san dabarar da aka bi, ya ɓad da nasa muryoyin da ita ya sake horar da na'urarsa, sai ka ga ya gane mutane da yawa. Shi ya sa daga baya suka koma auna kowa da irin wannan maharin mai wayo, har suka shirya wa maharan gasa tasu. Saurin maganarka, inda kake tsayawa, yadda sautinka ke hawa, duk suna tona ka.

Ta biyu ta shafe mu musamman. Hawa da saukar sauti yana cikin abin da ke tona mutum, don haka wasu dabarun suna taɓa shi. A Turanci in ka lanƙwasa shi, kalma tana nan. A Hausa in ka yi ganganci, ka mai da wuyan mutum wahala. Gasar kuwa da Turanci ake auna ta.

Ta uku ita ce ta kashe maganar. Muryar da ka ɓad ta zama muryar haɗi, kwamfuta ce ta ɗinke ta. Kai kuma aikinka bambance ta gaske da ta haɗi. In ka ɓad da na gasken, me ya rage ka gwada?

Ɗalibin Sauti:
Innalillahi. Wallahi Dakta ban kawo wannan a raina ba.

Basakkwace:
Yaro ya so shi ɓoye akuya, ya yanka ta.

Lauyan Zaure:
Kuma ko an canza murya, in mutum ya ce "ni ce mai ɗinki a bayan masallacin unguwa kaza", ai ya gama faɗin sunansa. Hirar son rai da ka nema ta fi jimloli goman haɗari.

Tun da ana maganar, akwai gefen da ya fi damuna a matsayina na mai zuwa kotu, kuma ba a taɓo shi ba. Kowa yana tsoron a ɗora masa maganar da bai yi ba. Ni ina tsoron wanda ya yi maganar ya ce ba shi ba ne. Yanzu duk wanda aka naɗo yana neman cin hanci ko yana barazana, amsarsa a shirye take: haɗawa aka yi. Wasu malaman shari'a biyu a Amurka, Chesney da Citron, sun ba abin suna, ribar maƙaryaci. Idan mai ganowa ba abin dogaro ba ne, bai iya wanke mai gaskiya ba, bai kuma iya kama mai musu ba.

Malam Dakta:
Kotu da murya tsohuwar rigima ce Barista. A 1962 wani injiniyan Bell Labs, Lawrence Kersta, ya yi shelar cewa hoton sautin murya kamar zanen yatsa yake, kowa da nasa. Aka yi ta kai shi kotunan Amurka. A 1979 kwamitin cibiyar kimiyya ta ƙasar ya duba ya ce hujjar kimiyyar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Zanen yatsa ba ya mura, ba ya tsufa da sauri, ba ya canzawa in kana magana da surukinka. Masu aikin da gaskiya a yau ba sa cewa "shi ne". Cewa suke wannan kamannin ya fi yiwuwa sau kaza in mutum ɗaya ne, a kan in mutum biyu ne. Kuma kafin ka faɗi "sau kaza" sai kana da muryoyin jama'ar da ake zargin ya fito cikinsu. Ka ga mun sake dawowa kan buƙatar yaron nan. In babu rumbun muryoyin Hausawa, da wa za a kwatanta Bahaushen da ke gaban alƙali?

Maman Ikram:
Dakta kai ma ka koma bayansa ke nan.

Malam Dakta:
Ina bayan aikin, Hajiya, ban goyi bayan yadda ya zo da shi ba. Kuma tsoronki daidai ne, ban da maganinsa.

Ɗan POS:
To ni da kunnena fa? Na san muryar mutanena kamar yunwar cikina.

'Yar Damagaram:
An gwada kunnen ma. A 2023 masu bincike a University College London suka sa mutum sama da 500 sauraron Turanci da Sinanci, suka gane na jabu kashi 73 cikin 100 kawai. Kuma an gaya musu tun farko cewa akwai jabu a ciki, suna zaune sun kasa kunne. Kai kuwa layi ne a gabanka, wani na miƙo kati, wani na neman canji.

Ɗan POS:
Shi kenan, daga yau sai dai in kira mutum da kaina a lambar da na sani, ba a WhatsApp ba. In tambaye shi abin da muka yi ciniki jiya. Katin waya ya fi dubu ashirin sauƙi.

Sarkin Zaure:
Jama'a an yi magana mai amfani. Hukuncin zaure: kar kowa ya tura murya yanzu. Ɗalibin Sauti, ka dawo da takarda, Barista ya duba.

Ɗalibin Sauti:
Na karɓa, ranka ya daɗe. Ga abin da na gyara tun da ake magana. Na cire hirar son rai, jimlolin kawai za a karanta, kuma babu suna ko unguwa a ciki. Don gwajin farko zan fara da muryoyin Hausa na Common Voice, rumbun muryoyin 'yan sa-kai da ke intanet, tun da masu su sun bayar ne da sanin kowa zai iya ɗauka. Na 'yan zaure kuma ba zan sake su a intanet ba, duk mai son maimaita gwajin sai ya nema a rubuce ya sa hannu. Za a sa zaɓi biyu a takardar: wanda ya yarda a yi amfani da muryarsa a matsayin ta gaske kawai, da wanda ya yarda har a haɗa ta jabu da ita. Na'urar da na horar da muryar mutum kuma zan goge ta ranar da na kare aikina.

Lauyan Zaure:
Ƙara da yadda mutum zai janye, da lambar da zai kira. Kuma ka rubuta ta da Hausa, ba Turancin kwamiti ba.

Maman Ikram:
Allah ya ba da sa'a ƙanena, da zuciya ɗaya. Amma ni ko zaɓi goma ka sa, tawa tana nan wurina. In ka gama ka zo ka gaya mana nawa na'urar ta ci.

Basakkwace:
Ni sa ni ga na biyun. In kwamfuta ta iya Sakkwatanci in ji da kunnena.

Ɗalibin Sauti:
Na gode Baba. Ɗan POS, kai kuma in takarda ta fito ina so ka naɗa sau biyu, ɗaya a ɗaki, ɗaya a shago janareta na aiki, da wayar da kake ciniki da ita.

Ɗan POS:
Ba matsala. Sai dai ka bari sai da rana in an ɗauke wuta, ba zan ƙona fetur don karatunka ba.